Gina kompaila don wata na'ura: yadda ake kashe laburaren da ba za su yi aiki a can ba

Duk wanda ya taɓa zama ya gina GCC daga tushe ya san wannan takaicin. Kwamfuta ta shafe awa biyu ko uku tana aiki, fanka na ihu, caji na zubewa, sai can kusa da ƙarshe komai ya tsaya cak da layuka irin waɗannan:

```
configure: error: Link tests are not allowed after GCC_NO_EXECUTABLES.
make[1]: *** [configure-target-libssp] Error 1
```

A garin da wuta ba ta ƙiftawa, wannan haushi ne kawai. A Dogarawa ko Samaru kuwa, inda ake aiki da lissafin cajin batiri da kuɗin man janareta, asara ce ta gaske. Abin da ya fi ciwo shi ne, a mafi yawan lokuta kompailar kanta ta riga ta ginu lafiya lau. Abin da ya faɗi wani ƙaramin laburare ne na gefe, wanda wataƙila na'urar da ake nufi ba za ta taɓa amfani da shi ba. Da an kashe shi tun wajen configure, da ba a zo nan ba.

Wa ke buƙatar wannan darasi?

Ba kowa ba. Wanda yake son kunna ƙwan fitila da Arduino, ko ya karanta na'urar auna danshin ƙasa don aikin kammala karatu a Jami'ar Ahmadu Bello, manhajar Arduino ta zo masa da kompailarta a ciki. Mai Ubuntu ko Debian zai iya saukar da gcc-arm-none-eabi ko gcc-avr da umarni guda. Kamfanin Arm ma yana raba tasa kyauta. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ta biya buƙata, babu dalilin ƙona mai.

Buƙatar gini da hannu tana tasowa ne idan wadda aka samu ta tsufa. Misali, avr-gcc da Arduino ke rabawa don allunan Uno sigar 7.3.0 ce, ta shekarar 2018, wanda yake son sababbin abubuwan C++20 ba zai same su a ciki ba. Haka mai son rubuta wa rauta mai OpenWrt manhaja, irin rautocin da ake raba intanet da su a gidajen hayar ɗalibai da shagunan buga takardu. Haka mai bin littafin Linux From Scratch, wanda Gerard Beekmans ya fara a 1999, da mai koyon rubuta babbar manhaja tasa ta kansa. Duk waɗannan sai sun bi ta wannan ƙofar.

Kompaila ba ita kaɗai take tafiya ba

Mutane da yawa sun ɗauka aikin kompaila shi ne ta karɓi kod ta mayar da shi yaren masarrafa, shi ke nan. Akwai saura. Wasu ayyukan ba ta rubuta su a wurin, sai dai ta ajiye kira zuwa wani kod da aka riga aka tanada. A ɗauki masarrafar Cortex-M0: ba ta da umarnin raba lamba. Idan mai shiri ya rubuta `a / b`, abin da GCC za ta sa a wurin kira ne zuwa `__aeabi_idiv`, shi kuma wannan yana zaune a cikin libgcc. Irin waɗannan su ne laburaren lokacin aiki. Kamar tela ne da yake ɗinka riga amma maɓalli da zif a kasuwa yake sayowa. Idan kasuwar ba ta ci ba, riga ba ta sawuwa.

Tun da Richard Stallman ya fitar da GCC ta farko a 1987, waɗannan laburare suke ta ƙaruwa. libssp mai tsaron ma'adanar kira daga ambaliya ya shigo a GCC 4.1 a 2006. libgomp, wanda ke raba aiki ga zaruruwa da yawa ta tsarin OpenMP, ya zo a 4.2 a 2007. libquadmath na lissafi da lambobi masu bit 128 ya zo a 4.6 a 2011, libitm a 4.7 a 2012. A 4.8, shekarar 2013, aka samu libatomic da libsanitizer, sannan libvtv a 4.9 a 2014. Ga kuma babban yayansu libstdc++, wanda duk shirin C++ na yau da kullum yake jingina da shi.

Wasu kuma sun mutu. An cire libmudflap a 4.9, libcilkrts a GCC 8, libmpx a GCC 9. Shi ya sa idan aka kwafo umarni daga tsohon rubutu za a ga `--disable-libmudflap` ko `--disable-libmpx`. Ba sa cutar da komai a sabuwar siga, configure zai wuce su, amma alama ce cewa wanda ya rubuta umarnin shi ma kwafowa ya yi, don haka a duba sauran layukan da idon basira.

Abin lura a nan: ita kompailar a kan kwamfutar mai gini za ta yi aiki, amma waɗannan laburare a kan na'urar da ake nufi za su yi aiki. Tsarin GNU yana bambanta na'urori uku. `--build` ita ce wadda ake ginin a kanta, `--host` ita ce wadda kompailar za ta zauna, `--target` kuma ita ce wadda za a riƙa haifa wa shiri. Ga mai tsohuwar HP ko Dell yana nufin allon STM32, biyun farko duk `x86_64-pc-linux-gnu` ne, ta ukun `arm-none-eabi`. Wannan sunan yana nufin babu babbar manhaja a can: babu fayil, babu zare, babu kowa sai shirin da ƙarfen.

Saboda haka ginin hawa biyu ne. Da farko kompailar da ke kan kwamfuta ta gina sabuwar kompaila. Daga nan sabuwar, da ɗuminta, ta juya ta gina laburaren. Duk kuskuren da ke ɗauke da `configure-target-` ko `all-target-` a hawa na biyu ya faru, kuma sunan da ya biyo baya shi ne mai laifin.

Abin da configure ya sani da wanda bai sani ba

GCC ba makauniya ba ce gaba ɗaya. A cikin foldar libsanitizer, libatomic, libitm da libvtv akwai wani ɗan fayil mai suna `configure.tgt`. Yana duba sunan na'urar da ake nufi, idan ba ta cikin waɗanda ya sani sai ya sa `UNSUPPORTED=1`, babban configure kuma ya jefa laburaren cikin jerin `noconfigdirs`, wato waɗanda ba za a taɓa ba. Wasu hukunce-hukuncen a cikin babban configure ɗin aka rubuta su kai tsaye. Idan `--target=avr` ne, da kansa yake ajiye libstdc++ da libssp da libquadmath a gefe. ATmega328P na Arduino Uno kilobait 32 gare shi na ajiyar shiri, RAM kuma kilobait 2 kacal. libgomp ma ba ya kunna shi sai ga tsarin da ya san suna da zaruruwa irin na POSIX, kamar Linux da dangin BSD.

Idan ya yi irin wannan hukunci yana faɗa:

```
*** This configuration is not supported in the following subdirectories:
```

sannan ya jera sunayen. Wannan saƙo yana wucewa da sauri cikin ɗaruruwan layuka, ga taurari uku a gabansa, sai sabon shiga ya firgita ya ɗauka gini ya lalace. Ba kuskure ba ne. Hasali ma shi ne layi mafi amfani a duk fitar configure, domin duk abin da ba ya cikin jerin, make zai yi ƙoƙarin gina shi. A tsaya a karanta shi kafin a buga make.

Matsalar ita ce configure da suna kawai yake hukunci. Bai san ko laburaren C na waccan na'urar yana nan ko babu ba, bai kuma san wane iri ba ne. Daga nan ne yawancin faɗuwa suke fitowa.

Ga yadda take kasancewa. libssp da libquadmath da libstdc++ suna buƙatar laburaren C, wato mai `printf` da `malloc` da `memcpy`. Shi kuma laburaren C, newlib ne ko glibc ko musl, ba ya ginuwa sai da kompaila. Kaza da ƙwai ke nan. Lokacin da configure na libssp ya gwada haɗa ɗan ƙaramin shiri don ya ga ko kompailar tana aiki, ba ya samun `crt0.o` ko `crti.o` ko `libc`, sai ya rubuta a ransa cewa wannan kompaila ba ta iya haifar da cikakken shiri. Can gaba ya zo gwajin da dole sai an haɗa shiri, sai ya ajiye aiki da wancan saƙo na `GCC_NO_EXECUTABLES`. Laburaren bai da aibu, na'urar ma tana iya ɗaukarsa, lokacinsa ne bai yi ba.

Misali da allon Blue Pill

Blue Pill ɗan allo ne mai araha da ɗaliban injiniya suke yawan komawa gare shi idan Uno ya yi musu kaɗan. Yana ɗauke da STM32F103C8T6: masarrafar Cortex-M3 mai gudun megahaz 72, kilobait 64 na ajiyar shiri, RAM kilobait 20. Bayan an gina binutils da `--target=arm-none-eabi` an kuma sa foldar `bin` ɗinsa a cikin PATH, sai a shiga tushen GCC a buga `./contrib/download_prerequisites` don ya sauko da GMP da MPFR da MPC. A fito, a buɗe sabuwar folda daban. Ba a gini a cikin foldar tushe.

```
mkdir gini-1 && cd gini-1
../gcc-14.2.0/configure --target=arm-none-eabi \
  --prefix=$HOME/kayan-arm --enable-languages=c \
  --with-newlib --without-headers \
  --with-cpu=cortex-m3 --with-mode=thumb --with-float=soft \
  --disable-multilib --disable-shared --disable-threads \
  --disable-nls --disable-libssp --disable-libquadmath \
  --disable-libgomp --disable-libatomic --disable-libstdcxx
make -j4 all-gcc all-target-libgcc
make install-gcc install-target-libgcc
```

`--without-headers` yana gaya wa GCC kada ta nemi fayilolin heda na laburaren C, `--with-newlib` kuma yana sa a gina libgcc ba tare da jingina da su ba. Sauran layukan `--disable` kowanne ya cire laburare guda daga lissafi.

Mai lura zai ce: ai tunda `all-gcc` da `all-target-libgcc` kawai aka kira, make ba zai ma leƙa libssp ba. Haka ne. Waɗannan kariya biyu ne a kan abu ɗaya, kuma ko ɗaya aka yi ya isa. Amma ranar da mutum ya dawo bayan an maido wuta, ya manta ya buga `make` tsirara, layukan `--disable` ne za su cece shi. Rubuta su ba ya cin data.

Da wannan kompailar ta wucin gadi ake gina newlib. Bayan an girka shi a wuri ɗaya, sai a buɗe folda ta biyu a sake configure, wannan karon da `--enable-languages=c,c++`, a cire `--without-headers` da `--disable-libstdcxx`. Yanzu libstdc++ zai samu abin dogara. libgomp da libquadmath kuwa su ci gaba da zama a kashe har abada: allo mai masarrafa guda, babu zare, ba shi da abin da zai yi da OpenMP.

Sai maganar `--disable-multilib`, wadda ta fi kowacce rage lokaci, ta kuma fi kowacce haɗari. Iyalin Cortex-M suna da yawa, kuma ba yarensu ɗaya ba sak. Idan aka sa `--with-multilib-list=rmprofile`, GCC za ta gina kowane laburare sau da yawa, kwafi guda ga kowane reshe: M0, M3, M4 mai sashen lissafin ɗigo da marar shi, M7, M33, da sauransu. A tsohuwar kwamfuta wannan yana iya cinye yini. Kashe shi da zaɓar Cortex-M3 kaɗai yana mayar da aikin kwafi ɗaya.

Farashinsa shi ne wannan kompailar ta zama ta M3 da na sama da shi. A ce wata uku bayan nan mai ita ya sayi Raspberry Pi Pico, wanda RP2040 ɗinsa Cortex-M0+ ne, ya buga `-mcpu=cortex-m0plus`. Kod ɗinsa zai fito daidai da M0+, amma libgcc da newlib da za a liƙa masa na M3 ne, cike da umarnin da M0+ bai sani ba. Sau da yawa haɗin zai wuce ba tare da ko tari ba. Sai an ɗora shirin, ya kai wurin rabon lamba na farko, allo ya sandare a HardFault. Mutum zai iya kwana uku yana zargin waya da batiri, har ya hau mota zuwa Sabon Gari neman sabon allo, alhali ciwon yana cikin layi guda da ya rubuta wata uku baya. Wanda ya kashe multilib ya sa sunan masarrafar a jikin foldar, kamar `kayan-arm-m3`, don ta riƙa tuna masa.

A ɓangaren kwamfuta ma multilib yana da nasa tarkon. Mai gina GCC don x86_64 zai iya cin karo da `gnu/stubs-32.h: No such file or directory`. Ma'anarsa ana son gina kwafin bit 32 amma babu hedar glibc ta bit 32 a kwamfutar. Nan kam, in ba a da niyyar haifar da shirin bit 32, a kashe shi hankali kwance.

Idan na'urar tana da Linux

Nan ne jerin ya fi tsawo, domin da zarar configure ya ga `linux` a cikin sunan, kamar `mipsel-linux-musl` ko `aarch64-linux-gnu`, sai ya ɗauka komai ya halatta. Zai kunna libgomp, shi kuma ya nemi `pthread.h` ya rasa. Shi ya sa a zagayen farko na Linux From Scratch ake kashe libatomic, libgomp, libquadmath, libssp, libvtv da libstdc++ gaba ɗaya, tare da zaruruwa da laburaren haɗaka. Bayan glibc ya tsaya da ƙafarsa sai a dawo da su a hankali.

Akwai guda ɗaya da ya cancanci a zauna a kansa.

libsanitizer, sarkin rigima

Wannan laburare daga aikin LLVM ake kwaso shi, kuma injiniyoyin Google ne suka ƙirƙiri AddressSanitizer da ke cikinsa. Amfaninsa babba ne: da `-fsanitize=address` yana kama shirin da ya rubuta a wajen iyakar ma'adanarsa, ko ya taɓa wurin da ya riga ya saki. Yadda yake yin haka shi ne yana ware inuwar ma'adana, bait ɗaya ga kowane bait takwas, ya riƙa rubuta wane wuri ne halas wane ne haram. A x86_64 wannan inuwa tana kama terabait da dama na adireshin ƙarya, abin da ba ya yiwuwa sai da kanel da sashen sarrafa ma'adana. Allon da ke da kilobait 20 ba ya cikin wannan zance, kuma configure ya san haka.

Rigimar tana wajen Linux. Don ya tare kiran da shiri ke yi wa laburaren C, libsanitizer yana riƙe da nasa kwafin girma da fasalin ɗaruruwan tsare-tsaren glibc da kanel, kuma yana gwada su lokacin gini. Ko kaɗan suka motsa, gini ya faɗi. Tarihin a bayyane yake. A 2018 glibc 2.28 ya cire `sys/ustat.h`, GCC 7.3 da ire-irenta suka daina ginuwa a kan sababbin tsare-tsare. A 2021 kanel 5.13 ya cire `linux/cyclades.h`, hedar wasu tsofaffin katunan sadarwa da kusan babu mai amfani da su, amma libsanitizer yana kiranta, sai aka sake faɗuwa. A 2022 glibc 2.36 ya kawo karo tsakanin `sys/mount.h` da hedar kanel a kan `fsconfig_command`. A 2024 glibc 2.39 ya rabu da libcrypt, waɗanda ba su girka madadinsa ba suka wayi gari babu `crypt.h`.

Kowanne an gyara shi a sigar GCC da ta biyo baya. Amma wanda aiki ya tilasta masa tsohuwar siga, misali don ta dace da tsohon kod ɗin wata na'ura, yana gini a kan Ubuntu 24.04 mai glibc 2.39, gyaran bai iso gare shi ba. Zaɓi biyu gare shi: ya nemo facin ya liƙa, ko ya sa `--disable-libsanitizer`. Idan kompailar ta haifar da shirin da za a ɗora a na'ura ce kawai, na biyun ya wadatar. Farautar kurakuran ma'adana a yi ta a kan kwamfuta da GCC ko Clang ɗin da tsarin ya zo da ita, a can ne ma take da sauƙi.

Haka batun musl, ƙaramin laburaren C da Rich Felker ya fitar a 2011, wanda Alpine Linux da OpenWrt suke amfani da shi. Sunan na'urar yana ɗauke da `linux`, amma abubuwa da dama da libsanitizer ya saba samu a glibc babu su. Shi ya sa musl-cross-make, kayan gini na shi Felker ɗin, yake kashe libsanitizer tun daga cikin Makefile ɗinsa.

libquadmath ma yana da ɗan labari makamancin wannan. An yi shi ne don nau'in `__float128` na x86 da wasu ƙalilan. A aarch64, wato irin masarrafar da ke cikin yawancin wayoyin Tecno da Infinix na yanzu da sababbin Raspberry Pi, `long double` da kansa bit 128 ne, don haka ba a samar da laburaren. Wanda ya ga `quadmath.h: No such file` a can kada ya koma ya sake gina GCC yana neman kunna shi. Shirin ne yake buƙatar gyara.

Gudun gara, faɗawa gidan zago

Akwai ɗabi'ar da ta yaɗu: duk laburaren da ya yi gardama a kashe shi, a ci gaba. Gini zai kammala, amma kuskuren bai mutu ba, ƙaura ya yi zuwa ranar da wani zai yi amfani da kompailar.

libatomic ne babban misali. Masarrafar MIPS mai bit 32, irin MT7621 da ke cikin rautoci da yawa, ba ta iya sauya lamba mai bit 64 a taki ɗaya ba tare da wani zare ya tsoma baki ba. Idan shiri ya nemi haka, GCC kira take ajiyewa zuwa libatomic. In an kashe shi a zagayen ƙarshe, sakamakon shi ne:

```
undefined reference to `__atomic_fetch_add_8'
```

Masu tsofaffin Raspberry Pi ma sun san wannan layin. Idan laburaren yana nan, `-latomic` ya magance shi. Idan babu shi, sai an koma gini daga farko. Don haka ga na'ura mai Linux da bit 32, libatomic a zagayen farko kawai ake kashe shi.

libssp kuma ya danganta da gida. glibc tun sigar 2.4 yake da nasa `__stack_chk_fail`, musl ma yana da shi, saboda haka a Linux kashe libssp ba ya rage tsaro, `-fstack-protector` zai ci gaba da aiki. Amma masu gina kompailar MinGW don Windows sun daɗe suna dogara da shi, tsofaffin sigogin mingw-w64 ba su da madadin, sai an haɗa da `-lssp`. `--disable-threads` ma haka: a allo tsirara daidai ne, a Linux kuwa in ya tsallaka zagayen ƙarshe, `std::thread` da `std::mutex` sun tafi.

libgcc shi kaɗai ne ba a tattaunawa a kansa. Idan ya faɗi da `cannot compute suffix of object files`, babu tutar da za ta rufe wannan. Yawanci binutils na na'urar ne ba ya cikin PATH, ko sabuwar kompailar ta kasa samun GMP da MPFR lokacin tashi. Amsar tana cikin `config.log`, amma ba na saman folda ba: na cikin `arm-none-eabi/libgcc/`. Kowane laburare yana da nasa a ƙarƙashin foldar mai sunan na'urar. A buɗe shi a nemi kalmar `error` ta kusa da gwajin ƙarshe, ba dogon jerin da ke ƙasan fayil ɗin ba.

Tambayar da ya kamata a yi kafin kowace `--disable` guda biyu ce: na'urar ce ba za ta iya ɗaukarsa ba, ko kuwa abin da yake jingina da shi ne bai iso ba tukuna? Na farko a kashe a manta. Na biyu a kashe yanzu, a rubuta a takarda cewa ana bin sa bashi.

A gidan Clang

LLVM, wanda Chris Lattner da Vikram Adve suka fara a Jami'ar Illinois ta Amurka a 2000, ya bi wata hanya. Clang guda ɗaya tana iya haifa wa na'urori da yawa shiri, kuma ba a gina laburaren lokacin aiki sai wanda aka ambata a `LLVM_ENABLE_RUNTIMES`. A GCC ragewa ake yi, a nan ƙarawa. Duk da haka compiler-rt, takwaran libgcc, a buhu ɗaya yake da su sanitizer, don haka mai nufin allo tsirara sai ya zazzage buhun:

```
-DCOMPILER_RT_BAREMETAL_BUILD=ON
-DCOMPILER_RT_DEFAULT_TARGET_ONLY=ON
-DCOMPILER_RT_BUILD_SANITIZERS=OFF
-DCOMPILER_RT_BUILD_XRAY=OFF
-DCOMPILER_RT_BUILD_LIBFUZZER=OFF
-DCOMPILER_RT_BUILD_PROFILE=OFF
-DCMAKE_TRY_COMPILE_TARGET_TYPE=STATIC_LIBRARY
```

Layin ƙarshe maganin kaza da ƙwai ne a yaren CMake: yana hana shi gwada haɗa cikakken shiri alhali babu laburaren C. Ga libc++ akwai `LIBCXX_ENABLE_THREADS=OFF` da `LIBCXX_ENABLE_FILESYSTEM=OFF`. Mai RAM gigabait 4 ko 8 ya taƙaita `LLVM_TARGETS_TO_BUILD` zuwa abin da yake buƙata, misali `ARM;X86`, ya kuma sa `LLVM_PARALLEL_LINK_JOBS=1` idan da Ninja yake gini, in ba haka ba wajen haɗi kwamfutar za ta shaƙe. Masu koyon shiri a waya ta Termux su ma a wannan gidan suke, domin Clang ce kompailar can. Google ya cire GCC daga kayan NDK na Android tun sigar r18 a 2018.

Ceto aiki da tantance shi

Idan gini ya faɗi a hawan laburare, kada a yi saurin share folda. Kompailar tana nan a gine, `make install-gcc` zai girka ta, in libgcc ya riga ya wuce `make install-target-libgcc` ya bi baya. Wanda zai sauya tutocin configure kuwa gara ya buɗe sabuwar folda, domin tsohuwar tana riƙe da amsoshin gwaje-gwajen baya a fayilolin `config.cache`, suna iya rikita sabon ginin.

Idan wuta ce ta ɗauke kuma batiri ya mutu a tsakiyar aiki, sake buga umarnin make ɗin zai ci gaba daga inda aka tsaya. Abin da kan faru shi ne fayil ɗin `.o` da ake cikin rubutawa ya yanke, make kuma ya ɗauka kammalalle ne. In aka ga `file truncated` ko `file format not recognized`, a goge wannan fayil ɗin kaɗai a sake bugawa.

Bayan girkawa, umarni uku sun isa a san abin da ke hannu:

```
arm-none-eabi-gcc -v
arm-none-eabi-gcc -print-multi-lib
arm-none-eabi-gcc -print-file-name=libatomic.a
```

Na farko yana nuna layin `Configured with:`, wato duk tutocin da aka gina ta da su. Wannan yana aiki a kan kowace GCC, har wadda Arm ko Debian suka raba, kuma hanya ce mai kyau ta ganin abin da ƙwararru suka kashe wa wata na'ura kafin mutum ya rubuta nasa. Na biyu yana jera kwafin laburaren da ke akwai, idan `.;` kaɗai ya fito, kwafi ɗaya ne. Na uku yana maido da cikakkiyar hanyar fayil idan laburaren yana nan, idan kuma sunan kawai ya dawo tsirara, ba a gina shi ba.